Madadin Bekon Marar Nama a Kano: Awara, Wankakkiyar Fulawa, Kwakwa ko Yalo?

Bekon naman alade ne, galibi daga ɓangaren ciki, da ake tsumawa da gishiri da sukari, a yi masa banda da hayaƙi, a yanka falle-falle a soya. Wannan ya riga ya fitar da shi daga tukunyar Musulmi. Abin da masu cin sa ke so a jikinsa kuwa abubuwa ne da ake iya samu a wani wurin: gishiri, ɗan zaƙi, ƙamshin hayaƙi, da maiƙon da ke sa gefe ya soyu rumus alhali tsakiya na da abin taunawa. Duk waɗannan ana haɗa su daga tsirrai, da kayan da ke Kasuwar Rimi, Yankaba da Singa.

Masu neman irin wannan girki a Kano iri-iri ne. Akwai wanda likita ya ce ya rage sarrafaffen nama, musamman tun shekarar 2015 da cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanji. Akwai gidan da tsadar nama ta sa ake neman abin da za a sa wa yara a burodin safe. Akwai kuma waɗanda suka bar duk abin da ya fito daga dabba, har ƙwai da madara da zuma. Uwargida, ko wanne ne dalilinki, ki fara sanin cewa babu ko ɗaya daga cikin kayan nan da ke ba da komai a lokaci guda. Wani ya fi bushewa rumus, wani ya fi daɗin tauna, wani ya fi ƙosarwa. Abin da za ki ci da shi, shi zai nuna miki wanda za ki ɗauka.

Ruwan haɗi da hayaƙi

Duk wanda kika zaɓa, ruwan haɗin ɗaya ne, don haka da shi za a fara. Ga awara giram 400, ki haɗa soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya) babban cokali 3, narkakkiyar mazarƙwaila babban cokali 1, man gyaɗa babban cokali 2, ruwan tsamiya mai kauri babban cokali 1, garin busasshen tattasai ƙaramin cokali 2, tumatirin gwangwani ƙaramin cokali 1, sai garin tafarnuwa da masoro rabin ƙaramin cokali kowanne. Mazarƙwaila ta fi farin sukari a nan, domin tana da ɗan ƙamshin ƙauri na rake da ke tafiya da hayaƙi. Tattasai launi yake bayarwa, kada a musanya shi da barkono ko attaruhu, in ba haka ba yaji ya danne komai.

Idan babu soya sos, ko kina gudun wanda ba a rubuta halal a jikin kwalbarsa ba (wanda aka tsuma ta hanyar gargajiya yakan ɗauki ɗan burbushin barasa daga tsumin), ki daka daddawar kalwa ƙaramin cokali 1 ta yi laushi, ki jiƙa ta a ruwan zafi babban cokali 3, ki tace, ki sa gishiri ƙaramin cokali 1. Daddawa na ba da wannan ɗanɗanon mai cika baki da ake samu a romo, sai dai in ta wuce haka warinta zai fito fili. Dunƙulen ɗanɗano kuma a karanta jikinsa, domin wasu na ɗauke da garin kaza ko kifi. Citta da kanumfari a bar su gefe, suna karkatar da abin zuwa ɗanɗanon tsire.

Hayaƙi shi ne inda aka fi samun matsala. Ruwan hayaƙi na kwalba ba kullum ake samun sa a manyan kantuna ba, in an samu kuwa rabin ƙaramin cokali ya isa haɗin nan. Hanyar da ta fi sauƙi a gidajenmu ita ce gawayi. Ki jera abin da kika jiƙa a ruwan haɗin a cikin tukunya mai faɗi, ki bar fili a tsakiya, ki ajiye ɗan gwangwani a wurin. Ki ɗauko garwashi guda ɗaya da ya yi jawur, ki sa a gwangwanin, ki ɗiga masa man gyaɗa rabin ƙaramin cokali. Nan take farin hayaƙi zai turnuƙe, sai ki rufe da murfi mai kama baki, ki bar shi minti 5 zuwa 8. Ya wuce minti 10, ɗaci zai shiga. Hayaƙi ya fi kama abu mai danshi da maiƙo, shi ya sa ake yin wannan bayan jiƙo, kafin suya. Garwashin da aka hura da kananzir ko leda ba ya shiga wannan aiki ko kusa, domin warin ba ya fita. A yi shi a tsakar gida ko inda iska ke wucewa. Kimba ma na taimakawa: ki fasa guda ɗaya, ki zubar da 'ya'yan saboda ɗacinsu, ki jefa ɓawon a ruwan haɗi na minti 20, ki cire.

Awara

A Kano awara ce ta fi kusa da hannu, kuma ita ce muke ganin ta fi dacewa da yawancin gidaje. Waken suya na nan jibge a Dawanau, masu yin awara kuma na kusan kowace unguwa. Abin da za ki nema shi ne ɗanyar awara wadda ba a soya ba, kuma ba a zuba mata attaruhu da albasa ba, domin gutsattsarin kayan miyan nan su ne ke sa ta karye idan aka yanka ta siriri. Ki gaya wa mai yi tun jiya ta ware miki, ta kuma danne ta fiye da yadda ta saba. Ki ɗanɗani ɗan gefe. Idan tsami ya yi yawa, ko dai ruwan tsamin da aka haɗa ta da shi ya wuce ƙima ko ta kwana, kuma suya ba ta gyara wannan. Wadda aka haɗa da alif da yawa tana da ɗan bauri da ke ɗaure harshe. Wadda aka haɗa da ruwan tsamin kamu ko tsamiya daidai gwargwado ta fi.

Ko da an danne ta, ki sake naɗe ta a tsumma mai tsabta, ki ɗora mata tukunya cike da ruwa ko dutse mai nauyi na minti 30 zuwa 45. Ruwan da ya rage a cikinta shi ke hana ta shan haɗi, shi kuma ke sa ta turara a kasko maimakon ta soyu. Daga nan ki yanka da wuƙa mai kaifi, tsawon yatsa, kaurin milimita 3. In ta fi haka kauri, soyayyar awarar da kowa ya sani za ki samu. In ta gaza haka, za ta farfashe wajen juyawa.

Ki shimfiɗa yankan a faranti mai zurfi, ki zuba ruwan haɗi, ki juya sau ɗaya a hankali. Minti 30 ya isa, awa 2 ya fi. Amma a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, kada ta wuce awa ɗaya a waje, domin awara na saurin lalacewa, in ta fara yauƙi kuma sai zubarwa. Bayan hayaƙi, ki ɗauki darasi daga masu kilishi: shanya kafin wuta. Ki jera ta a kan raga ko tire, ki rufe da abin da zai hana ƙuda da ƙura, ta sha iska minti 20 zuwa 30 har fuskarta ta daina ƙyalli. A hunturu iska na gama wannan aiki da wuri, a damina sai an haɗa da fanka.

Wajen suya, mai babban cokali 2 kawai a kasko mai kauri, wuta matsakaiciya. Ki jera ba tare da sun hau juna ba, ki ƙyale su minti 3 zuwa 4 kafin ki taɓa. Yawancin awarar da ke dagargajewa, juya ta aka yi kafin ta yi ɓawo. Idan ta yi, da kanta take sakin kasko. Ki juya, wani minti 3, ki kwashe a kan raga. Za ki ga kamar da sauran taushi, amma tana hucewa take ƙara ƙarfi, don haka kada ki jira ta bushe a kan wuta. A obin kuwa digiri 180 ne, minti 20 zuwa 25, a juya a tsakiya. In waje ya yi baƙi ciki na da ruwa, wuta ta yi yawa mazarƙwaila ta ƙone. Mai son gefe ya ƙara rumus sai ta barbaɗa sitacin masara ko na rogo babban cokali 1 kafin suya.

Akwai dabarar daskarar da awara a firiza ta kwana, a narkar, a matse. Ƙanƙarar na buɗa ƙananan ramuka a jikinta, sai ta ƙara tauri ta kuma sha haɗi sosai. Dabara ce mai kyau ga mai wutar sola ko janareta. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, awarar za ta yi ta daskarewa tana narkewa har ta yi tsami, gara a bar ta.

Raunin awara shi ne ba ta da jan haƙori irin na nama. Ƙarfinta kuwa furotin, wanda a dannanniyar awara yakan haura giram 10 a kowane giram 100, ga araha. Ita ce ke cika burodi ko gurasa, ta kuma riƙe cikin yaro har a tashi makaranta.

Wankakkiyar fulawa

Wanda abin taunawa ya fi damun sa, nan zai tsaya. Idan aka wanke ƙullin fulawa, sitaci na tafiya da ruwa, a bar wani abu mai danƙo, wato furotin ɗin alkama. Mutanen Sin sun daɗe suna cin sa a madadin nama.

Ki kwaɓa fulawa giram 500 da ruwa kimanin mililita 300, babu gishiri babu yis, ki murza minti 10 har ya yi santsi. Ki zuba ruwan sanyi ya rufe shi, ya huta awa ɗaya. Wannan hutun ne ke sa danƙon ya haɗu, wanda ya tsallake shi zai ga ƙullin na narkewa a hannunsa. Daga nan ki riƙa matsa shi a cikin ruwan, ruwan ya yi fari fat, ki tsiyaye ta rariya, ki sake sabo. A wanki na biyu ko na uku ƙullin zai wargaje kamar ya lalace, ki ci gaba, zai sake haɗe kansa. Ki tsaya idan ruwan ya koma ɗan gurɓatacce kawai, wajen wanki 5 ko 6. Wanda ya wanke har ruwa ya yi garau zai samu abin da ya yi tauri ya ƙi taunuwa, domin ɗan sitacin da ya rage shi ke kawo taushi. Abin da za ki samu kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin fulawar, kuma fulawar burodi ta fi ba da yawa fiye da ta kek.

Wannan abu ba ya shan ruwan haɗi yadda awara ke sha. Sai an yayyanka shi ƙanana, a barbaɗa busassun kayan, wato tattasai, tafarnuwa, masoro da gishiri, a murza su ciki, ya huta minti 30. Mai son kamannin bekon na ja da fari sai ta raba biyu, ta sa tattasai a kaso ɗaya kawai, ta miƙar da su ta ɗora ja kan fari kan ja. A naɗe tam a foyil ko tsumma, a turara a madambaci minti 40 zuwa 45 a kan tururi mai sauƙi. Idan aka jefa shi a tafasasshen ruwa mai ƙarfi, kumbura yake ya yi ramuka, ya zama soso. Ya huce sarai, in da hali ya kwana a firij, sannan a yanka milimita 2, a shafa ruwan haɗi, a yi hayaƙi, a soya minti 1 zuwa 2 kowane gefe. Ya daɗe a kasko, ya bushe ya ƙandare.

A wajen kama da nama babu wanda ya kai shi cikin duk waɗannan, kuma furotin ɗinsa ya fi na awara yawa, ko da yake na waken suya ya fi cika inganci. Kuɗinsa lokaci ne da ruwa. Aikin na cin rabin yini, wankin kuma na cin ruwa wajen lita 10, abin da gidan da ke saye a hannun 'yan garuwa zai lissafa. Ruwan wankin farko ba na zubarwa ba ne, in ya kwanta sitaci ne a ƙasa da za a shanya a yi amfani da shi. Mai cutar da ke hana cin alkama kuwa, wannan ba nasa ba ne sam.

Kwakwa

Ita ce sarauniyar rumus, kuma ita ce ta fi su maiƙo a karan kanta. A 'Yan Lemo ko wajen masu baro za ki samu ƙosasshiya. Ki ɓamɓare ta, ki fere da abin feren dankali ta fito faffaɗa siririya. Gogaggiyar kwakwa ta leda ba ta yi, gari take zama. Ɗanyar na da ruwa, don haka ta sha rana yini guda a rufe, ko obin digiri 120 na minti 20. Ga kofi 2, ruwan haɗi babban cokali 2 ya isa, kuma a cire man gyaɗa daga ciki. A obin digiri 150, minti 12 zuwa 15, ana motsawa duk minti 4. A busasshen kasko kuwa wuta ƙasa-ƙasa, hannu ba ya barin cokali na minti 8 zuwa 10. Tsakanin ta yi da ta ƙone bai fi minti ɗaya ba, don haka da ta yi ruwan ƙasa ki juye ta a faranti mai sanyi, domin zafin kasko na ci gaba da gasa ta ko an kashe wuta.

Abu biyu ke rage mata daraja. Ƙamshin kwakwa ba ya ɓuya duk yawan hayaƙi, kuma ba ta zama abin ci a karan kanta, sai dai barbaɗe a kan kwaɗon zogale, garau-garau, taliya ko dambun shinkafa. Sannan kitsenta mai daskarewa ne: a giram 100 na ɗanyar kwakwa akwai mai kusan giram 33, mafi yawansa irin wanda likitocin zuciya ke cewa a rage. Wanda ya bar nama saboda kitsen jini, kada ya mai da ita abincin kullum.

Yalo da naman kaza

Yalo na burge ido a hoto fiye da yadda yake gamsarwa a faranti. Dogon nan mai launin shunayya ake so, ƙananan gauta sun cika ɗaci da 'ya'ya. A yanka a tsaye milimita 3, a barbaɗa gishiri, a bari minti 20 zuwa 30 ya fitar da ruwa, a goge. Haɗin shafa masa ake yi, ba tsomawa ba, kuma a rage gishirin haɗin da rabi. Yana buƙatar obin digiri 140 na minti 35 zuwa 45, a kasko kuwa shanye mai yake ya yi laɓo-laɓo. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, furotin kusan babu, kuma cikin awa ɗaya da saukewa ya saki. Ya dace da mai obin da za ta ci nan take, ba abin guzuri ba ne.

Naman kaza kuwa, wato wannan tsiron mai kamar laima, ya fi su duka ɗanɗano tun kafin a sa masa komai. Wanda ake nomawa, musamman mai faffaɗan kunne, a yayyaga shi da hannu, kada a jiƙa shi a ruwa. A fara zuba shi a busasshen kasko har ruwansa ya ƙone, sannan mai, haɗi kuma a minti 2 na ƙarshe. Matsalarsa samuwa da tsada, ga shi yana ƙanƙancewa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Na gwangwani sai an matse shi sosai, kuma bai kai ɗanye ba. Wanda ke fitowa a bayan gida ko gindin itace da damina kada a taɓa shi: wasu na da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

To wanne za a ɗauka?

Gidan da ke son abin karin kumallo sau biyu ko uku a mako, babu obin, wuta ba tabbas, awara ce amsarsa, kuma ba ma ganin wani na kusa da ita a nan. Wanda ya saba da nama, yake kewar tauna, ya ware yinin hutu ya yi wankakkiyar fulawa da yawa, domin turararren dunƙulen na kwana 4 zuwa 5 a firij, ana yanka ana soyawa. Mai sayar da salak ko mai son abin ajiya a kwalba ta yi kwakwa. Haɗin da ya fi ba da gamsuwa a cikin gurasa shi ne awara da ɗan barbaɗen kwakwa a kai, ɗaya ta ba da jiki ɗaya ta ba da rumus da maiƙo.

Rashin nama bai mai da abin nan marar gishiri ba. Babban cokali ɗaya na soya sos na ɗauke da kwatankwacin gishiri giram 2 da ɗoriya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a yini. Mai hawan jini ya rage soya sos zuwa cokali ɗaya da rabi, ya ƙara tsamiya da tafarnuwa su cike gurbin. Wanda kuma ya bar kayan dabba gaba ɗaya ya nemi bitamin B12 a wajen likita, domin babu shi a ko ɗaya cikin waɗannan.

Wajen ajiya, soyayyar awara ba ta wuce yini a waje, a firij kuma kwana 3, kuma za ta yi laushi. A busasshen kasko ake farfaɗo da ita, minti ɗaya kowane gefe, ba a ƙara mai. Kwakwa na kai mako 2 a kwalba mai murfi, muddin ta huce sarai kafin a rufe, domin in aka rufe ta da ɗumi gumin da zai taru a ciki zai sa ta yi sanyi kafin gari ya waye. Da damina a riƙa yin kaɗan-kaɗan, na kwana 4 ko 5, in ta fara warin tsohon mai kuma a zubar.